Bernardino Ramazzini

Bernardino Ramazzini (an haife shi ranar 4 ga watan Oktoba, 1633, ya rasu ranar 5 ga watan Nuwamba, 1714) likita ne kuma malamin jami'a ɗan ƙasar Italiya, wanda ya koyar da ilimin likitanci a jami'o'in Modena da Padua. An fi saninsa da littafinsa mai suna De Morbis Artificum Diatriba, wanda aka fara bugawa a shekarar 1700. Shi ne littafi na farko da ya bi sana'o'i ɗaya bayan ɗaya yana bayyana cututtukan da kowace take jawo wa masu yin ta, kuma dalilin da ya sa ke nan ake kiran marubucinsa uban fannin lafiyar ma'aikata. Ramazzini ne ya nemi kowane likita ya riƙa tambayar maras lafiya sana'ar da yake yi kafin ya yanke hukunci a kan ciwonsa. Har yau da wannan tambaya likitocin fata suke farawa idan suna son gane ko ƙurajen da suka feso wa mutum aikinsa ne ya haddasa su.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Ramazzini a Carpi, wani ƙaramin gari kusa da Modena a arewacin Italiya, a shekarar da aka gurfanar da Galileo a gaban kotun coci a Roma. Sunan mahaifinsa Bartolomeo, mahaifiyarsa kuma Caterina Federzoni. Ya yi karatunsa na farko a hannun malaman ɗarikar Jesuit, inda ya ƙware a harshen Latin, wanda shi ne harshen ilimi a Turai a lokacin. A shekarar 1652 ya tafi Jami'ar Parma, ya kuma sami digirin falsafa da likitanci a shekarar 1659.

Daga Parma ya wuce Roma, inda ya ƙara samun horo a asibitocin birnin a ƙarƙashin likita Antonio Maria Rossi. Bayan haka aka ɗauke shi likitan gari a Canino da Marta, wasu garuruwa biyu a yankin Castro da ke arewa da Roma. Yankin talakawan manoma ne, zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu a cikinsa, kuma shi kansa likitan bai tsira ba. Da jikinsa ya yi rauni sai ya koma Carpi jinya. A can ya yi aure a shekarar 1665, ya ci gaba da duba marasa lafiya yana kuma nazarin littattafan magabata.

Zamansa a Modena

A shekarar 1671 Ramazzini ya ƙaura zuwa Modena. Shekarunsa na farko a birnin ba su zo da sauƙi ba. A 1681 ya shiga doguwar jayayya a rubuce da wani likitan Florence mai suna Giovanni Andrea Moneglia, a kan rasuwar wata mata 'yar babban gida jim kaɗan bayan ta haihu. Duk da haka sunansa ya ci gaba da ɗaukaka. Lokacin da mai mulkin Modena, Francesco na II na gidan sarautar Este, ya farfaɗo da jami'ar birnin a 1682, an ba Ramazzini kujerar farfesa a fannin likitanci, ya riƙe ta shekara 18. An kuma naɗa shi likitan fada tare da Francesco Torti.

A waɗannan shekaru ya yi rubutu a kan abubuwa da dama. Daga 1690 ya riƙa fitar da rahoto a kan annobar da take aukuwa a ƙauyukan Modena, yana danganta ta da ruwan sama, ambaliya da lalacewar amfanin gona. A 1691 ya wallafa bincike a kan rijiyoyin Modena waɗanda ruwansu ke ɓulɓulowa da kansa, kuma don wannan aiki sai da ya sauka cikin rijiyoyin ana cikin haƙarsu. Ya san masanin falsafa na Jamus Gottfried Leibniz, wanda ya ziyarci Modena a ƙarshen 1689, kuma sun ci gaba da musayar wasiƙu. A 1693 aka karɓe shi cikin ƙungiyar masana kimiyya ta Jamus da ake kira Leopoldina, inda suka yi masa laƙabi da Hippocrates na uku.

Asalin littafin

Ramazzini da kansa ya ba da labarin abin da ya sa shi wannan aiki. A Modena ta wancan zamani al'ada ce a yashe masan gidaje duk bayan shekara uku. Wata rana ana yasar na gidansa, sai ya lura mai aikin yana ta gaggawa kamar ana korarsa. Da ya tambaye shi dalili, sai mutumin ya ɗago kai, idanunsa sun yi ja wur, ya bayyana masa cewa wanda ya wuce awa huɗu a cikin ramin yana iya rasa ganinsa. Ya ce idan ya gama sai ya tafi gida ya kulle kansa a ɗaki mai duhu har washegari, yana wanke idanu da ruwan ɗumi. Daga baya Ramazzini ya bincika, ya tarar da cewa wasu daga cikin makafin da ke bara a birnin tsofaffin masu yasar masai ne.

Wannan ya sa ya fara shiga wuraren da likitocin zamaninsa ke ƙyama: maƙera, majema, gidajen burodi, wuraren ginin tukwane da ɗakunan masu haɗa sinadarai. Yana kallon yadda ake aikin, yana shaƙar warin wurin, yana tambayar ma'aikata abin da ke damunsu. Inda bai iya zuwa ba sai ya rubuta wa likitocin yankin wasiƙa. A shekarar karatu ta 1690 zuwa 1691 ya koyar da darasi a kan cututtukan masu sana'a, wanda daga baya ya zama tushen littafin.

Tsarin littafin

Sunan littafin da Latin yake. Morbis na nufin cututtuka, artificum na nufin na masu sana'a, diatriba kuma doguwar tattaunawa ce ta ilimi. An buga shi a Modena a 1700. A 1713 aka sake buga shi a Padua da ƙarin babi 12, waɗanda suka shafi masu buga littattafai, magatakarda, masu yin alewa, masaƙa, maƙeran tagulla, kafintoci, masu wasa wuƙa da aska, masu yin tubali, masu haƙar rijiya, matuƙan jirgin ruwa, mafarauta da masu yin sabulu. Gaba ɗaya littafin ya taɓo sana'o'i sama da 50.

Kusan kowane babi salo ɗaya yake bi. Yana bayyana yadda ake aikin, da abin da magabata suka faɗa a kansa, da alamomin ciwon da ke kama masu yin sa, sannan magani da hanyar kariya. Ramazzini ya raba musabbabin cututtukan gida biyu. Na farko shi ne illar kayan aikin kansu, kamar ƙura, hayaƙi, dalma da zaiba. Na biyu shi ne yadda ake sarrafa jiki a wurin aiki, kamar doguwar tsayuwa, dogon zama, sunkuyo da maimaita motsi ɗaya dubban lokuta. A rukunin farko ya bayyana shanyewar hannun maginan tukwane masu amfani da dalma, da rawar jikin masu shafa zinariya da masu yin madubi a Venice waɗanda ke aiki da zaiba. A rukuni na biyu ya bayyana ciwon hannun magatakarda, da kumburin jijiyoyin ƙafa na masu aiki a tsaye. Ya kuma lura cewa sankarar mama ta fi yawa a tsakanin mata masu zaman zuhudu a coci fiye da sauran mata.

Tambayar da ya ƙara

A gabatarwar littafin, Ramazzini ya kawo jerin tambayoyin da aka gada daga Hippocrates, likitan tsohuwar Girka, waɗanda ake yi wa maras lafiya: me ke damunsa, me ya jawo, kwana nawa ke nan, yaya bayan gidansa, me yake ci. Sai ya nemi a ƙara ɗaya, wato wace sana'a yake yi. Ya ce tambayar ta fi muhimmanci idan maras lafiyan talaka ne, amma ya ga likitoci ba safai suke yin ta ba, kuma ko sun san amsar ba sa aiki da ita.

Ya kuma soki likitan da zai shiga gidan talaka ya taɓa jijiyar hannunsa a tsaye ya rubuta magani ya fita. Shawararsa ita ce likita ya zauna, ko da a kan 'yar kujerar katako ce, ya saki fuska, ya yi tambayoyi a natse. A ganinsa ciwo iri ɗaya a jikin mutum biyu yana iya zama da tushe daban, kuma maganin da zai yi wa attajiri amfani yana iya kayar da leburan da aiki ya riga ya cinye ƙarfinsa. Saboda haka ya gargaɗi likitoci a kan yawan zubar wa irin waɗannan ma'aikata jini, wanda shi ne babban maganin zamanin.

Cututtukan fata a cikin littafin

Ramazzini bai ware babi na musamman ga fata ba, amma maganarta ta ratsa babi da yawa, domin fata ce ke fara haɗuwa da kayan aiki. Abin da ya bambanta bayaninsa da na waɗanda suka gabace shi shi ne yadda yake haɗa abu uku a kowane misali: abin da aka taɓa, sashen jikin da ya taɓa shi, da kamannin ciwon da ya biyo baya.

A babin mata masu wanki ya bayyana yadda ruwan toka mai ƙarfi ke tsattsaga musu hannu, wani lokaci har ya kai ga kumburi da zazzaɓi. A babin masu yin sabulu ya ambaci yadda irin wannan ruwa ke saɓule fatar da ya taɓa. Game da masu aiki da farar ƙasa, ya ce tana yamutsa hannun magina, wani lokaci ta ci shi har ya zama gyambo, amma ya lura cewa tana kawar da ƙazuwa daga hannun wanda yake da ita. Game da masu gashin burodi, ya ce hannayensu kan kumbura su yi ciwo saboda kwaɓa ƙullu kullum, har ana iya gane sana'ar mutum da ganin hannunsa kawai.

Masu tankaɗe da awon hatsi kuwa, ban da tari da ciwon ido, ya ce suna fama da ƙaiƙayi mai tsanani a duk jiki. Ya yi zargin cewa ƙurar hatsin da ya daɗe a rumbu tana ɗauke da ƙananan halittu da ido ba ya gani, ya kuma kafa hujja da binciken Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan, wanda ya duba hatsi da madubin ƙara girma. Daga baya kimiyya ta tabbatar da cewa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari a cikin hatsi da ciyawa da ke cizon masu aiki da su. Ya shawarci waɗannan ma'aikata su riƙa rufe hanci da baki, su kuma wanke jiki bayan aiki.

Ya rubuta cewa masu aikin gishiri a Cervia, a gaɓar tekun Adriatic, suna fama da gyambo mai wari a ƙafafu. A babin masunta ya bambanta gyambon masu su a teku, wanda ya ce busasshe ne mai tauri, da na masu su a koguna da fadamu, wanda ke saurin ruɓewa. Wannan bambanci yana nuna yadda yake tunani: sana'a ɗaya ce, amma ruwan da ƙafa ke tsayawa a ciki ya sha bamban, don haka ciwon ma ya sha bamban. A babin ungozomomi ya yi gargaɗin cewa hannunsu na iya ɗaukar tunjere daga mai naƙuda, ya ba da shawarar su riƙa naɗe hannu da ƙyalle suna kuma wanke shi akai-akai. Ya ambaci yadda masu hidima a gidajen wanka da mata masu shayar da 'ya'yan wasu ke ɗaukar cututtukan fata daga waɗanda suke yi wa hidima.

Shawarwarinsa na kariya masu sauƙi ne: wanka, sauya tufafi, rufe fata, rage tsawon lokacin aiki, da barin sana'ar gaba ɗaya idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya san shawara ta ƙarshe ita ce mafi wuya, domin wanda aka ce ya bar sana'arsa an ce ne ya bar abincin iyalinsa. Ya kuma lura cewa kariya ba kullum take isa ba. Masu shafa wa majinyatan tunjere man zaiba sukan sa safar hannu, amma duk da haka gubar tana ratsawa ta shiga jikinsu.

Shari'ar Finale

A babin masu haɗa sinadarai Ramazzini ya ba da labarin wata shari'a da ta nuna wahalar tabbatar da musabbabin ciwo. Wani mazaunin garin Finale, a ƙasar Modena, ya kai ƙarar wani ɗan kasuwa mai masana'antar sinadarai, yana neman a fitar da ita daga cikin gari saboda hayaƙinta na cutar da maƙwabta. Mai ƙara ya kawo shaidar likitan garin, ya kuma kawo rajistar mamata ta cocin unguwar, wadda ta nuna cewa mutuwa ta fi yawa a kusa da masana'antar. Alƙalai sun ba ɗan kasuwar gaskiya. Ramazzini bai fito fili ya ce sun yi kuskure ba, sai ya bar wa masana kimiyya su duba ko hukuncin ya yi daidai.

Masana tarihin lafiya suna yawan ambaton wannan shari'a a matsayin ɗaya daga cikin misalan farko na kafa hujja da alƙaluman mutuwa a kan gurɓata muhalli. Tana kuma nuna giɓin da ke cikin aikin Ramazzini kansa. Yana iya nuna cewa ciwo kaza ya yi yawa a tsakanin masu sana'a kaza, amma ba shi da hanyar tabbatar da cewa ciwon wani mutum guda daga aikinsa ya fito.

Iyakar iliminsa

Ramazzini ɗan zamaninsa ne. Yana bayyana cututtuka da tsohuwar fahimtar nan ta ruwayen jiki huɗu, kuma magungunan da ya rubuta, irin su na wanke ciki da na amai, ba a amfani da su yanzu. Ba ya ƙidayar marasa lafiya, kuma wani sashe na littafin tattaro maganganun marubutan Girka da Roma ne. Babin da ya yi a kan Yahudawa masu sana'ar tsumma yana ɗauke da irin son zuciyar da ta zama ruwan dare a Turai ta lokacin.

A fannin fata, bai san bambancin da likitoci ke yi yau tsakanin nau'i biyu na ƙurajen taɓi ba. A nau'i na farko, abin da aka taɓa ne da kansa yake cin fata, kamar ruwan toka, sabulu mai ƙarfi ko yawan jiƙa hannu, kuma kowa na iya kamuwa idan ya daɗe yana taɓawa. A nau'i na biyu, garkuwar jikin mutum ce take ƙin jinin wani sinadari bayan ta saba haɗuwa da shi, ta yadda ko ɗan kaɗan ya taɓa sai ƙuraje su fito bayan kwana ɗaya zuwa uku, alhali abokin aikinsa na taɓa abin lafiya lau. Sai a 1906 likitan Ostiriya Clemens von Pirquet ya ƙirƙiro kalmar da ake kiran wannan yanayi da ita. Yawancin misalan Ramazzini na nau'in farko ne, domin su ne ido ke iya gani.

Padua da ƙarshen rayuwarsa

A shekarar 1700 majalisar Jamhuriyar Venice ta ba Ramazzini kujerar farfesa a Jami'ar Padua, wadda ke cikin manyan makarantun likitanci na Turai. A 1709 aka ɗaga shi zuwa kujera ta farko a fannin. A 1710 ya wallafa littafi a kan kula da lafiyar sarakuna. Da annobar bushiya ta afka wa shanun yankin Venice a 1711, ya gabatar da lacca a kanta, ya kwatanta ta da agana, ya kuma nemi a riƙa ware dabbobin da suka kamu. A 1714 ya fitar da rubutu a kan yadda ake wuce gona da iri wajen amfani da ɓawon itacen sinkona, wanda daga gare shi aka samo kwinin daga baya. Ya yarda ɓawon na maganin zazzaɓi mai zuwa yana dawowa, amma bai yarda a riƙa ba da shi ga kowane irin zazzaɓi ba, abin da ya haɗa shi saɓani da tsohon abokin aikinsa Torti.

A shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da bugun zuciya da ciwon kai, ganinsa kuma ya yi ta raguwa har ya makance. Ya ci gaba da koyarwa, jikokinsa suna yi masa karatu da rubutu. Ranar 5 ga Nuwamba, 1714, yana shirin tafiya jami'a, sai jini ya buge shi a ƙwaƙwalwa, ya rasu a ranar yana da shekara 81. An binne shi a cocin Beata Elena Enselmini a Padua. Giovanni Battista Morgagni, wanda ya san shi a Padua, ya bayyana ciwon ajalinsa a cikin babban littafinsa na 1761.

Tasirinsa

An fassara littafin zuwa Turanci da Jamusanci a 1705. A 1777 Antoine-François Fourcroy ya fassara shi zuwa Faransanci, a 1940 kuma Wilmer Cave Wright ta fitar da sabuwar fassarar Turanci a Amurka. Adam Smith ya ambaci Ramazzini a littafinsa na 1776 a kan dukiyar al'ummai, haka ma Karl Marx a juzu'in farko na Das Kapital.

A fannin fata, waɗanda suka biyo baya sun bi sawunsa. A 1775 likitan Ingila Percivall Pott ya danganta sankarar fatar maraina da baƙin hayaƙin da ke manne wa masu sharar bututun hayaƙi tun suna yara. A farkon ƙarni na 19 Robert Willan da ɗalibinsa Thomas Bateman sun bayyana ƙaiƙayin hannun masu burodi, 'yan tireda da magina. A 1915 Robert Prosser White ya wallafa littafi sukutum a kan cututtukan fata na wurin aiki.

Hanyar tabbatarwa da Ramazzini ya rasa ta samu a 1895, lokacin da likitan fata na Jamus Josef Jadassohn ya gabatar da gwajin liƙa filasta a wani taro a Graz. Bruno Bloch ya faɗaɗa shi a Suwizalan, Poul Bonnevie kuma ya tsara jerin sinadaran gwaji a Copenhagen a ƙarshen shekarun 1930. A wannan gwaji ana ɗora ɗan kaɗan na abubuwan da ake zargi a bayan mutum, a rufe da filasta na awa 48, a duba, sannan a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Idan wurin ya yi ja ya fitar da ƙananan ƙuraje, alama ce jiki na ƙin wannan abu. Da wannan hanya aka gano a 1950 cewa sinadarin kuromiyam da ke cikin siminti ne ke haddasa yawancin kircin hannun magina. Denmak ta kafa dokar rage shi a 1983, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu da dokar da ta fara aiki a 2005.

Gwajin bai kawar da buƙatar tambayar Ramazzini ba. Ba ya nuna nau'in farko na ƙurajen taɓi, wanda shi ne ya fi yawa a wuraren aiki, kuma ko ya nuna jiki na ƙin wani sinadari, ba ya faɗin ko a wurin aiki ne ko a gida mutum ke taɓa shi. A 1989 likitan Amurka Toby Mathias ya tsara tambayoyi bakwai da ake amfani da su wajen yanke hukunci. Ana duba ko kamannin ƙurajen na taɓi ne, ko akwai abin da ke iya jawo su a wurin aikin, ko inda suka fito ya dace da inda abin ke taɓawa, ko lokacin fitowarsu ya dace da lokacin fara aikin, ko an kawar da zargin wani abu na gida, ko suna lafawa idan an yi hutu, da kuma ko gwaji ya nuna wani abu na wurin aikin. Idan huɗu daga ciki suka tabbata, ana ɗaukar cewa mai yiwuwa ne ƙwarai aikin ne sanadi. Ɗaya kawai daga cikin bakwai ɗin ke buƙatar gwaji. Sauran shida dubawa ce da tambaya, irin waɗanda Ramazzini ya yi a shagunan Modena.

Amsar tana da nauyi ga ma'aikaci, domin a kanta ne ake yanke ko za a sauya masa kayan aiki, ko a mayar da shi wani sashe, ko ya bar sana'ar, ko a biya shi diyya. A 1925 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da jerin farko na cututtukan aiki da suka cancanci diyya, inda gubar dalma da ta zaiba suka kasance biyu daga cikin uku. Jerin da ta sabunta a 2010 ya ƙunshi nau'o'in ƙurajen taɓi guda biyu.

Tunawa da shi

Ɗan ɗan'uwansa, Bartolomeo Ramazzini, ya rubuta tarihin rayuwarsa, aka buga shi tare da tarin ayyukansa 'yan shekaru bayan rasuwarsa. Babban asibitin Carpi yana ɗauke da sunansa, haka ma wata cibiyar binciken sankara a Bologna. A shekarar 1982 likitan Amurka Irving Selikoff, tare da Cesare Maltoni da wasu masana, suka kafa Collegium Ramazzini, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana lafiyar ma'aikata da muhalli. Hedikwatarta tana Carpi, inda mambobinta ke taruwa duk shekara.